Kan Ragon Kawu Mothusi

Mma Seipati, ki taimake ni, amma fara cinko wannan: ba ƙafa, ba sanda, ya kori dattijo daga gidan uwarsa. Mene ne?

Jikata Onalenna, wai babbar mai bincike, kiwon hanci take yi. Wasu na kiwon shanu! Fatar cikin hanci take reno a 'yan farantai, tana ciyar da ita kamar jinjiri, tana ɗiga mata magani ta ga ko zai ratsa, wai don a riƙa shaƙa a huta da allura. Ni da na tsufa ina shaƙar taba, wa ya tambaye ni?

Ranar bikin buɗe dutsen kabarin mijina muka yanka rago. A al'adarmu kowa ya san kan rago na kawu ne. Kafin ɗana Mothusi, kawunta, ya wanke hannu, ja'irar ta tsaga kan, ta kwashe cikin hancin, ta zuba a ƙanƙara ta yi gaba, wai sai da ɗanyen za ta gane ko na farantinta ya yi daidai. Aka ajiye wa Mothusi kai ba hanci a gaban surukai. Na yi dariya har haƙorina na roba ya faɗo, kowa ya kama dariya. To ina laifi? Ya tashi ya fice. Yanzu dangin saurayin Onalenna na tafe neman aure, shi kuwa ya rantse ba zai zauna ba, kuma a wurinmu ba kawu ba maganar aure. Haushinsu nake ji su biyun, masu taurin kai kamar kakansu. Wa zan fara ja wa kunne?

Kaka mai fushi, Mahikeng

Kaka, fushinki na kan hanya, amma bai kai gida ba. Aikin Onalenna na kirki ne, gaggawarta ma da dalili, fatar ba ta jira. Sai dai mahauta na yanka kullum, can ya kamata ta nema, ko ta roƙi kawunta. Ta kai masa kai cikakke, dafaffe, da hannunta. Mothusi kuma kada ya rushe aure saboda hanci. Ke ki riga ta zuwa, ki ɗaure fuska, ki riƙe haƙorin nan da kyau. Allah ya kai mu bikin lafiya.

Amsar kacici-kacicinki kuwa ba hancin faranti ba ne. Dariyarki ce.