Inda Zalɓe Ya Tsaya

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya ciwon idon? Ya Inna da yara, ya ruwa bana? Mu nan Birmingham lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ranar Laraba wani dattijo Ba'amurke ya zo jami'armu. Tun yana saurayi yake bin koguna yana nazarin tsuntsaye da kifaye, har gemu ya yi fari. Da ya nuna hoton zalɓe a bakin ruwa, sai na ɗaga hannu na ce kawuna ba ya jefa birginsa na kamun kifi sai ya ga inda zalɓe ya tsaya.

Kawu, nan take mutumin nan ya ciro littafi, ya hau yi min tambayoyi. Da wane lokaci? Wane irin kifi? Na ce masa ban sani ba, don duk sanda kuka kira ni mu shiga kwalekwale, da karatu nake fakewa.

Don Allah ku yi min bayanin da murya a wayar Inna. Ba don shi kaɗai ba, ni ma ina so.

A gaida kowa. Ku sa ni a addu'a, kuma ku ajiye min wurina a kwalekwalen.

Ɗanku,
Habibu