Keken Inna Bai Bar Gida Ba

Zuwa ga Yaya Sharhabil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a Fatakwal, Allah ya tsare ku daga wannan annoba ta korona. Mu ma lafiya lau, Aziza har ta fara tafiya.

Yaya, albishirinka! Ka manta da maganar sayar da keken ɗinkin marigayiya Inna da na yi maka. Ka san tun da aka rufe Babbar Kasuwa maigidana Rabe bai ɗauki dako ko ɗaya ba, ni kuma ɗinki ya tsaya cak saboda an ɗage bukukuwa. Sai da muka kai ga gari da ruwa, har dillaliya ta zo ta taya keken. Wallahi ranar na yi kuka.

Kafin ta dawo ɗauka, na zazzage buhun ƙyallayen da nake tarawa don cusa matashi, na ɗinka takunkumi, Rabe ya zaga da su cikin unguwar Rigasa yana sayarwa. Kafin azahar sun ƙare! Ashe garin zumuɗi na haɗa da ragowar ankon bikin 'yar Hajiya Safiyya, babbar mai kawo mini ɗinki, ankon da ta ja mini kunne kada kowa ya gani kafin ranar biki. Sai ga shi a hancin mai nama, har da mai faci.

Da ta aiko kirana, na tafi, na san na ɓata rawata da tsalle. Ta yi faɗa sosai, ta ce na tallata mata anko tun ba a sa rana ba. Can ta ɗauki ɗaya da aka kawo mata shaida ta ɗaura, ta dubi madubi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ce tunda 'yan biki ma sai sun rufe hanci, in yi wa kowane anko nasa takunkumin. Ƙawayenta suka ji, yanzu aiki har ya fi ƙarfina. Rabe da ke cewa ɗinki aikin mata ne, shi ke yanka mini roba.

Jiya dillaliya ta dawo, na ba ta haƙuri, na kuma ba ta takunkumi kyauta. Ina jiyo ƙarar keken sai in ga kamar Inna ce zaune a kai.

Ka gaida Anti Zulaiha da su Faruk da Ilham.

Ƙanwarka,
Juwairiyya