Kan Macijiyar Tagulla

Bodinga, 4 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga matata Safinatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Dije da mutanen gida a Shagari. Ki durƙusa ki gaishe mini da mahaifinki Malam Ummaru, ko da ba zai amsa ba.

Saƙonsa ya iso, wai ba za ki dawo ɗakinki ba sai na narkar da gunkin da na ƙera. Gunki! Ke shaida ce, macijiyar rijiyar Daura ce ta labarin kakanni, ta nannaɗe guga. Ado ce, ba wanda ya yi mata sujada. A wannan tsadar da ko sabulu sai an bi layi, ina zan ga tagulla? Mundayen marigayiya Inna na narkar na zuba. Wata biyu ina murza kakin zuma kafin in lulluɓe shi da yumɓu, kuma kin san yumɓun fasa shi ake yi, ba a samun ta biyu. Ba zan narkar ba. Kewarki kuwa ta hana ni cin tuwo, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Mijinki,
Mainasara maƙeri

Bodinga, 19 ga Afrilu, 1983

Safinatu,

Bayan gaisuwa, yaya kuke fama da zafi? Na ji Dije ta fara haƙori ban gani ba, abin ya ci mini rai.

Na kai maganar gun limaminmu, wanda ɗalibin mahaifinki ne. Ya ce a littafi, siffar mai rai in an cire mata kai ta daina zama abin ƙi. Sai dariya ta kama ni. Ai a labarin ma sai da baƙon ya sare kan macijiyar sannan mutane suka sha ruwa. Ashe aikina ne bai ƙare ba. Jiya na sa mata zarto. Mundayen Inna nake yanka, amma na gama.

Gangar jikin tana nan bisa guganta a zaure, inda kowa zai gani, kuma nan za ta zauna. Kan kuwa na ƙunshe shi, na ba Idi direba ya miƙa wa Malam hannu da hannu. Ki tuna masa da ladabi cewa a labarin, wanda ya kawo kai shi aka ba matar.

Ki ɗaure kayanki. Ranar Juma'a ina tafe.

Naki har kullum,
Mainasara