Gwafar Mahaifina a Bakin Rijiya

Zuwa ga Mai Garin Rijiyar Gawo, ta ƙasar Yekuwa.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe. Ni ne Buba ɗan Manu, makiyayin da ke sauka a gonarka ta gabas kowace kaka. Malam ne ya riƙe alƙalami, amma bakina ne. Na roƙe shi ya karanta takardar nan a kasuwa, domin sau uku ina zuwa zaurenka ana ce mini kana barci, alhali ina jin tarinka.

Na ɗaya. Ka san yadda aka yi rijiyar nan. Mahaifinka ya kawo maginan, mahaifina ya ba da bijimai biyu da suka ja ƙasa har aka tarar da ruwa. Ranar aka kafa gwafa huɗu a bakinta, kowace da gidan da zai rataya gugansa, ta arewa ita ce tamu. Ba a rubuta ba, don lokacin ba a bukata. Mu mu kwana da shanu a gonarku ta sha taki, ku ku bar mana kara da ruwa. Shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya ɗaga wa wani murya.

Na biyu. Bana da masu awon gyaɗa suka sauka da raƙumansu da kamyonsu, manyan motocin kaya, na zo shayarwa ranar Talata na tarar da rami a gurbin gwafarmu. Matan gari suka faɗa mini an cire ta an dafa wa baƙi abinci. Itace ya ƙare a garin ke nan, sai wanda mahaifina ya kafa da hannunsa? Na je in yi magana, ɗanka Habu, wanda ya sha nonon shanuna har ya yi wayo, ya kira sunana gatsau a gaban gardi, ɗan sandan Bature. Ya ce rijiya ta masu kawo ciniki ce yanzu, in nemi tawa. Ko sannu da rana bai yi mini ba. Wallahi na ji kunya, kuma kunyar taka ce na ji.

Na uku. Tun ranar nake kora garke zuwa wata rijiya ta wajen Mallawa, tafiyar yini guda. Can ni baƙo ne, sai kowa ya gama ake ba ni guga, ruwan ya koma laka. A garken nan akwai shanu goma sha ɗaya na mutanen garinka da aka ba ni amana, huɗu naka ne, har da jar saniyar da ke da ciki. Su nake fara shayarwa, haka aka koya mini. Nawa suna samun abin da ya rage. Bakwai sun faɗi a hanya cikin wata guda, na yanka biyu, sauran ban riske su da rai ba. Na amana ko ɗaya bai kwanta ba.

Ba na kai ƙara wurin kumandan. Bature bai ci tuwo a gidanmu ba, ba shi ya san mahaifina ba.

Abin da nake roƙo biyu ne. A mayar da gwafa a gurbinta kafin Juma'a, ko da ta geza ce, ni zan saro. Kuma Habu ya zo ya gaishe ni yadda ake gaida babba. In hakan ta gagara, bayan sallar Juma'a zan kawo shanun amana ƙofar gidanka, kowa ya kama nasa a gaban jama'a, ni in tsallaka iyaka da ɗan abin da ya saura. Daga ranar sai ku nemi wanda zai bar tasa saniyar ta mutu don taku ta sha.

Allah ya ja zamaninka, ya shirya zuriyarka, ya sa ka gama da mutuncinka.

Wassalam.

Buba ɗan Manu,
daga mashekarinsa, gabas da gari.