Askar Kaka Ba Ta Ganin Wuta

Maraɗi, 1956

Zuwa ga Baba Mamani, Sarkin Askan Dakoro.

Gaisuwa da ban girma. Ina gaida Inna da matata Lalla, da ke wurinku tana jiran haihuwa.

Baba, shekarata biyu ina aikin jinya a gidan likita. Masu ciwon shawara da ake kawo mana, ido duk ya yi rawaya, da yawa an yi musu ƙaho ko tsaga wata biyu zuwa uku kafin su kwanta. Cutar cikin jini take, aska ke ɗaukarta daga jiki zuwa jiki. Ina roƙo, in Lalla ta sauka, a tafasa aska a ruwa kafin ta taɓa jaririn. A gafarce ni.

Ɗanka, Sha'ibu.

Dakoro

Sha'ibu,

Muna lafiya. Malam Isufu ya karanta mini takardarka, shi ke rubuta wagga.

To, likita! Ni za ka koya wa aska? Askar kakanka ce, ba ta ganin wuta, in ta gani maganinta ya mutu, kowa a gidanmu ya san haka. Da ita na yi maka tsagar da ke fuskarka, ga ka nan kana cin tuwon Nasara ƙalau. A tafin hannu nake shafe ta, haka ubana ya yi. Ka ɓata mini rai, ba na ɓoye maka. Ka aiko wa Inna sabulu.

Ubanka.

Maraɗi

Baba,

Gaisuwa da neman afuwa. Ban raina ka ba, babu hannun da nake so ya fara taɓa ɗana sai naka. Amma na san abin da na gani, kuma ba zan janye ba: in ba a tafasa ba, a bar shi ba tsaga, ko da dangi za su zage ni.

Abu guda nake roƙo. Tuna wanda ka fara yi wa ƙaho ranar kasuwa bayan kaka, da waɗanda suka bi bayansa. Ka tambayi lafiyarsu. Allah ya ƙara girma.

Sha'ibu.

Dakoro

Sha'ibu,

Lalla ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Amani.

Na tambaya. Wani maƙiyayi na fara yi wa, idonsa rawaya, na ce zafin rana ne. Biyar suka bi shi. Uku sun kwanta, cikinsu har Kimba maƙeri, wanda muka yi kaciya tare. Mun binne shi ranar Talata.

Ranar suna na sa Inna ta ɗora tukunya a gaban jama'a, na jefa askar da hannuna. Ta yi aiki kamar kullum, tsagar ta fito kyakkyawa. Yanzu kowane kai da tafasarsa, wanda ya ga ana ɓata masa lokaci ya nemi wani wanzami.

Ka zo ka ga ɗanka. In ka iso, ka raka ni gidan Kimba, na kasa shiga ni kaɗai.

Ubanka, Mamani.