Abin da Ya Kwantar da Baba

Nickerie, Suriname

Zuwa ga yayana Wagimin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a Rotterdam. Mu nan an gama girbin shinkafa, idon Gwaggo Ponijem kuma ya yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Yaya, ɗana Sarijo ne ba lafiya. Tun bara, bayan aurensa, ƙafarsa ta dama ta fara jan ƙasa. Abokan aikinsa har tsokanarsa suke, wai ango ya zo gona da ƙafar aro, shi ma yana dariya. Wata takwas ina kai shi wurin mai tausa, ana murza masa man kwakwa da citta yadda muka saba. Yanzu ko cokali ba ya iya riƙewa.

Likitar da ta duba shi a Paramaribo ta ce ba inda muke murzawa ciwon ya faro ba. Ta zana mini a takarda: ƙwayar jijiya guda, kanta na cikin lakar gadon baya, jelarta har yatsan ƙafa. Saboda nisan nan, ba duk furotin ɗin da jelar ke buƙata ƙwayar take haɗawa a kai ta aika ba. Umarni take turawa a haɗa shi can inda ake so. Likitar tana zaton a jikin Sarijo saƙon ne ke maƙalewa a hanya. Sai ta tambaya ko wani a gidanmu ya taɓa yin haka, don ta san gwajin da za ta nema. Na ce ban sani ba. Tun ranar nake istigfari.

Ina shekara tara aka killace Baba a ɗakin baya, aka ce jifa ne. Kai kaɗai ka yi jinyarsa. Na san ba ma tona wahalar mamaci, na kuma san ka rantse wa Mama ba za ka faɗa wa kowa ba. Na tambayi limaminmu, ya ce rai ne gaba, sai ka yi kaffara. Ni zan dafa abincin miskinan goma.

Don Allah ka rubuto: ta ina ya fara masa, wata nawa ya yi? Mako uku ya rage mu koma wurin likita. Jiya Sarijo ya tambaye ni me ya kashe kakansa, na tashi na shige kicin.

Ka gaishe da Anti Tukinem, da Marlan da ƙannensa.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Suminah