Sunana a Bakin Inna

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
An sallamo ni daga asibiti a Kano. Likita ya ce wani ɗan ƙashi ne ya daskare a cikin kunnena, shi ya yi shekaru yana cinye mini ji. Sun cire na kunnen dama, sun sa ɗan ƙarfe a gurbinsa. Kunne cike da auduga, ga jiri. Ba fyace hanci, ba ɗaukar tulu. Maigidana Malam Zubair ya kawo ni Makoda jinya wajen Inna.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Komai na ci ɗanɗanon cokali yake yi. Inna na magana, motsin bakinta kawai nake gani. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunya. "Ke" ce ni, ko "waccan". Na saba. To, ban saba ba.

Talata, 15 ga Oktoba
An cire auduga. Ashe haka kaji suke da surutu?

Juma'a, 25 ga Oktoba
Da hantsi ina ɓarar gyaɗa, Inna a bayana tana tsefe mini kai. Sai na ji ƙasa-ƙasa: "Safara'u. Safara'una. Kin rame, 'yar nan. Allah Ya yaye miki."
Hannuna ya tsaya cak. Daga yadda sunan ya fito babu ko tuntuɓe, na gane ba yau ta fara ba. Duk shekarun da kunnena ke toshe tana faɗa, ni ce ba na ji. Ban juya ba. Na ci gaba da ɓara, hawaye na ɗiga cikin ƙwarya.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Ta ɗaga murya ta tambaye ni ko aikin ya yi. Na ce kaɗan-kaɗan. Allah Ya yafe mini. In ta san ina ji za ta koma "ke", ni kuwa ban ƙoshi ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Na tona wa kaina asiri. Tana gunaguni ita kaɗai, wai akuyar Kulu maƙwabciyarmu ta fi mai ita hankali, sai na tuntsire da dariya. Ta dube ni. Ta ja mayafi ta shige ɗaki. Har yamma ba ta fito ba. Ni da bakina!

Talata, 5 ga Nuwamba
"Ke, ga tuwo." Shi ke nan. Zuciyata babu daɗi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Gobe zan koma ɗakina. Ta zo yi mini kitso, ta zagaya ta zauna ta hagu, gefen da ba a yi wa aiki ba. Ta sunkuya daidai kunnen, ta faɗi sunan, da addu'a mai tsawo. Ta san sarai na daman yana ji. Ba ta kalle ni ba, ban kalle ta ba.
Jiya likita ya ce za a iya yin na hagun baɗi. Na ce masa ba sauri nake ba.